Makaɗa Biyar a Ɗaki Ɗaya: Nazarin Yadda Wani Ƙaramin Situdiyo Ya Zaɓi Saund Kad Mai Layuka da Yawa

Situdiyon da ake magana a kansa ƙarami ne: ɗakin ɗauka guda, da wani ɗan ɗaki inda kwamfuta da sifiku suke. Mai shi ya daɗe yana aiki da saund kad, wato na'urar da ke shigar da sautin mayik da kayan kiɗa cikin kwamfuta, mai kafar shiga biyu, kuma bai taɓa jin ya yi masa kaɗan ba, domin aikinsa haɗa kiɗa ne a cikin kwamfuta, sannan mawaƙi ya shigo ya ɗora murya. Mayik ɗaya ya wadatar da wannan. Abin ya sauya ne da wata ƙungiyar makaɗa ta nemi ya ɗauki waƙoƙinta. Su biyar ne: mai ganguna, mai jitar bes, mai jitar lantarki, mai fiyano, da mawaƙiya. Sharaɗinsu shi ne su buga tare a lokaci guda, kamar yadda suka saba a kan dandali, domin in aka raba su kowa ya shigo shi kaɗai, kiɗan nasu yakan rasa armashi. Suna kuma so kowane abin kiɗa ya faɗa a layinsa daban, yadda za a iya gyara shi daga baya ba tare da an taɓa na sauran ba.

Da mai situdiyon ya kawo mini maganar, ya riga ya tara sunayen na'urori a takarda, kowace da yawan kafofin shigarta: wannan 18, waccan 20. Abin da bai rubuta ba shi ne yawan wayoyin da za su fito daga ɗakin ɗauka. Daga nan muka fara, kuma a ganina nan ne kullum ya kamata a fara.

Ƙidayar ɗaki

Ganguna su ne masu cin kafofi. Babbar gangar ƙafa mayik ɗaya, sineya (ƙaramar ganga mai kaifin sauti) ɗaya, gangunan tom uku kowanne da nasa, sai mayik biyu a sama masu ɗaukar farantan ƙarfe da jimillar sautin gangunan. Bakwai ke nan. Jitar bes za ta shiga kai tsaye ta waya, layi ɗaya. Jitar lantarki kuwa mai ita ba ya yarda a raba shi da amfilifayarsa, don haka mayik za a kafa a gabanta. Fiyano yana fitar da hagu da dama, layi biyu. Mawaƙiya ɗaya. Jimilla 12. Mai situdiyon yana kuma sha'awar kafa mayik guda can nesa don ya kama amon ɗakin, ga wanda zai riƙa yi wa makaɗan magana da shi ta hedfon. An kai 14.

Sai dai layukan nan ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne lissafi ke ɓace wa mutane. Siginar mayik rarrauna ce ƙwarai, sai ta bi ta firiyam ya ƙara mata ƙarfi kafin a mayar da ita lambobin da kwamfuta ke ganewa. Siginar fiyano ta riga ta yi ƙarfi, kafar layi kawai take nema. Jitar bes da aka soka kai tsaye tana buƙatar kafa ta musamman da aka tanada don jita, ko kuma a bi da ita ta akwatin DI, mai mayar da siginar jita irin ta mayik, wanda shi kuma zai cinye firiyam guda. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: firiyam nawa, kafar layi nawa, kafar jita nawa. A nan amsar ita ce firiyam 9 a ƙalla, 11 in an haɗa da mayik ɗin ɗaki da na magana, sai kafar jita 1 da kafar layi 2.

Lambar da ke jikin kwali

Ɗauki Focusrite Scarlett 18i20 na tsara ta uku, wanda ke cikin jerin da ya rubuto. Sunansa na cewa kafofin shiga 18. Gaskiya ne, ba a yi wa kowa ƙarya ba, amma ga yadda aka haɗa lissafin: 8 ne ake soka mayik ko waya a cikinsu, wasu 8 suna shigowa ta kafar dijital ta ADAT, 2 kuma ta wata kafar dijital, S/PDIF. Goman nan na ƙarshe lambobi suke karɓa, ba za ka soka musu mayik ba sai ka sayo wata na'ura da za ta fara mayar da sautin lambobi. Haka Behringer UMC1820 yake, firiyam 8 da ADAT. RME Fireface UCX II kuwa yana da layukan shiga 20, amma firiyam ɗin mayik 2 ne kacal a jikinsa. Duk wanda ya kalli 20 ya zaci ya fi mai 18 yawan mayik, ya yi babban kuskure.

Wani abin lura kuma, a yawancin na'urori masu firiyam 8, kafofin nan takwas su ne dai na layi da na jita. Rami ɗaya ne ke karɓar kowane irin kan waya. In ka soka fiyano hagu da dama, ka toshe firiyam biyu ko da ba ka yi amfani da su ba. Don haka takwas ɗin takwas ce cif, kuma 12 ba ta shiga cikin 8.

Hanyoyin da aka auna

Hanya ta farko ita ce a rage buƙatar. Ana iya ɗaukar ganguna da mayik huɗu: gangar ƙafa, sineya, da biyu a sama. Injiniyan sauti ɗan Ingila Glyn Johns ya shahara da irin wannan tsari na mayik kaɗan, kuma sautin da yake bayarwa na da kyau matuƙa idan mai gangar ya iya hannunsa kuma ɗakin na da daɗin amo. In aka ɗauki fiyano a layi ɗaya tare da adana bugunsa ta MIDI (bayanin maɓallan da aka danna, ba sautin ba), lissafin ya dawo 8 daidai. Na so wannan hanya, domin mayik kaɗan na nufin rikicin sauti kaɗan. Amma ɗakin ƙarami ne, rufinsa ƙasa-ƙasa, kuma waƙoƙin ƙungiyar sun dogara sosai kan tom. A irin wannan ɗaki mayik na sama yakan kwaso amon da bango ya mayar fiye da yadda ake so, sai an sami mayik na kusa da za a jingina da su. Ga shi kuma ba a bar ko kafa ɗaya ta ko-ta-kwana ba.

Hanya ta biyu mai situdiyon ne ya kawo ta: ya sayi wani saund kad mai kafa takwas ya haɗa da tsohon nasa, ya sami goma. A kwamfutar Mac akwai hanyar haɗa na'urori biyu su bayyana a matsayin ɗaya. A Windows kuwa, inda kwamfutarsa take, manhajojin ɗaukar sauti suna aiki da direban ASIO (direba shi ne ƙaramar manhajar da ke haɗa na'ura da kwamfuta), wanda kamfanin Steinberg ya ƙirƙiro, kuma a al'ada direba ɗaya manhajar ke buɗewa a lokaci guda. Akwai dabarun kewaye wannan, amma suna ƙara jinkiri, kuma kowace na'ura tana tafiya da agogonta na ciki mai auna lokacin sauti, ta yadda a doguwar waƙa layukan ke zamewa daga juna. Ba a ɓata lokaci a kanta ba.

Ya kuma tambayi ko miksa mai USB za ta yi, tunda ya ga masu layi 12 da 16. Wannan tarko ne da ya kama mutane da yawa. Yawancin ƙananan miksoci na analog masu USB hagu da dama kawai suke tura wa kwamfuta, wato sautin da aka riga aka cakuɗa. Kana iya soka mayik goma sha biyu, amma layi biyu za ka gani a manhaja, kuma in sineya ta yi ƙara da yawa babu yadda za a yi da ita. Miksar dijital daban ce. Behringer XR18, alal misali, tana da firiyam 16, tana tura layi 18 daban-daban ta USB, tana kuma da kafofin fita 6 na musamman don abin da makaɗa za su ji. Ga wanda ke fita ɗaukar kiɗa a wuraren taro, wannan zaɓi ne mai ƙarfi, kuma da aikin situdiyon ya karkata can da ita zan ba da shawara. Abin da ya sa ba a zaɓe ta ba shi ne yawancin kwanakin mai situdiyon na haɗa kiɗa ne shi kaɗai a gaban sifiku, yana buƙatar maɓallin ƙara sauti a kusa da hannunsa da jinkiri kaɗan lokacin buga kayan kiɗan cikin kwamfuta. Ita kuwa wannan miksar ba ta da maɓallan juyawa na kowane layi a jikinta, da waya ko kwamfuta ake sarrafa ta.

Saura biyu, kuma dukansu sun dogara ne kan ADAT. Wannan kafa ta samo asali daga na'urar ɗaukar sauti a kaset da kamfanin Alesis ya fitar a farkon shekarun 1990. Na'urar ta shuɗe, kafar ta zauna. Siririyar waya ce mai aiki da haske, tana ɗaukar layi 8 a lokaci guda. Ana sayar da akwatunan ƙari masu firiyam 8, irin su Behringer ADA8200 da Focusrite OctoPre, waɗanda aikinsu shi ne su karɓi mayik su turo sautin ta wannan waya. To, ko dai a sayi saund kad mai firiyam 8 a ƙara masa akwati a sami 16, ko a sayi ƙarami mai inganci sosai irin UCX II a ƙara masa akwati. Na biyun ma yana ɗaukar layuka 12 ɗin: firiyam 10 ga mayik, kafar jita ga bes, kafofin layi ga fiyano. Direbobin RME kuma sun yi suna wajen karko da ƙarancin jinkiri, ga kamfanin yana daɗewa yana tallafa wa tsofaffin na'urorinsa. Amma da mayik ɗin ɗaki firiyam sun ƙare ƙaf, kuma kasafin mai situdiyon ba zai ɗauki wannan tare da ƙarin mayik da sandunansu da wayoyin da har yanzu bai mallaka ba. Na ce masa saund kad mai tsada da mayik uku ba zai ɗauki ganguna ba. Aka tsaya kan mai firiyam 8 da akwatin ƙari.

Abin da makaɗa za su ji

Wannan ɓangaren shi ne wanda bai yi tunaninsa ba sam, kuma shi ne ya fi shafar yadda makaɗan za su buga. Mutum biyar a ɗaki ɗaya da ganguna, ba wanda zai ji kansa sai ta hedfon, kuma ba abu ɗaya suke so su ji ba. Mawaƙiya tana son muryarta a gaba da fiyano don ta riƙe amo. Mai ganguna yana son bes da ƙararrawar ƙidayar lokaci, wadda in ta shiga kunnen mawaƙiya za ta dame ta. Mai jita, kamar yadda aka saba, yana son jita. Kowane haɗi daban yana cin kafofin fita biyu in ana son hagu da dama, ko ɗaya in an haƙura da sauti ɗaya a kunnuwa biyu.

Na'urar da aka zaɓa tana da kafofin fita 10 na analog. Biyu na sifiku ne, saura 8, wato haɗi huɗu. Akwai ramukan hedfon biyu a gabanta, amma da aka karanta littafinta sai aka ga suna raba layi ne da wasu daga cikin kafofin baya, ba ƙari ba ne a kansu. Wannan ya zama ruwan dare, kuma ba a ganinsa a hoton talla. Mafita ita ce mai bes da mai ganguna su yi tarayya a haɗi ɗaya, abin da ma ya dace da su tunda tare suke riƙe ƙashin bayan kiɗan, sauran ukun kowa da nasa. Sai da aka ƙara sayen amfilifayar hedfon mai karɓar shigarwa daban ga kowane mutum. Irin mai rarraba sauti ɗaya ga kowa da kowa ba za ta yi wannan aiki ba.

Daga nan sai batun jinkiri. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo, tana tara shi ne a ɗan ma'aji da ake kira bafa kafin ta yi aiki a kansa. In ana ɗauka a 48 kHz, wato ana auna sautin sau 48,000 a daƙiƙa, kowane awo samfuri guda, bafa mai samfuri 128 tana ɗaukar kusan milisakan 2.7. Sautin zai shiga ya kuma fito, don haka a ninka, sannan a ƙara abin da direba da masu juya sauti zuwa lambobi ke ci. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa a cikin iska, wato wajen santimita 34 a kowane milisakan. Mai jita da ke tsaye mita uku daga amfilifayarsa ya riga ya saba da jinkirin kusan milisakan 9 bai ma sani ba. Mawaƙiya ce abin tausayi, domin tana jin muryarta ta ƙashin kanta nan take, sannan ta ji ta hedfon a makare kaɗan, sai biyun su haɗu su ba da wani siririn sauti mara daɗi da ke sa mutum ya kasa sakin murya. Rage bafa zuwa 64 ko 32 yana rage jinkirin, amma yana matsa wa kwamfuta, kuma ranar da take ɗaukar layi 14 ba ranar matsa mata ba ce.

Saboda haka aka sa sharaɗin cewa na'urar ta kasance tana da miksa a cikinta, wadda ke mayar da sautin mayik zuwa hedfon kai tsaye ba tare da ya ratsa kwamfuta ba, kuma tana iya yin haɗi huɗun nan daban-daban. Da wannan, ana iya barin bafa a 256 ko 512 lokacin ɗauka, kwamfuta ta huta, makaɗa kuma su ji kansu ba jinkirin da kunne zai kama. Kafin a biya kuɗi sai da aka sauke manhajar sarrafa na'urar da littafinta aka tabbatar da haka, aka kuma duba cewa kamfanin yana sabunta direbansa ga Windows ɗin da ke kan kwamfutar.

Mai situdiyon ya damu ko USB zai iya ɗaukar layuka masu yawa haka, ko sai Thunderbolt, wata kafar haɗi da ta fi shi sauri. Lissafin gajere ne. Layi ɗaya a bit 24 (girman bayanin kowane samfuri) da 48 kHz yana cin megabit 1.152 a daƙiƙa. Layi 16 ba su kai megabit 19 ba, alhali USB 2.0 an tsara shi a kan megabit 480. Wuri ya yi yawa. Thunderbolt na iya rage jinkiri kaɗan, amma kwamfutarsa ba ta da shi, kuma ramin USB-C da ke jikinta siffar rami ce kawai, ba ta nufin Thunderbolt.

48 ko 96

Mai situdiyon ya so ya ɗauka a 96 kHz, don ya ji ana cewa ya fi. A nan ADAT ta yanke hukunci. Layi 8 ɗin nan a 44.1 ko 48 kHz ne. In aka hau 96, waya ɗaya layi 4 kawai take ɗauka. Takwas da huɗu 12, wato daidai buƙatar ƙungiyar ba tare da mayik ɗin ɗaki ko na magana ba, kuma rabin akwatin ƙarin ya zama ado. Ga nauyin fayil: layi ɗaya a bit 24 da 48 kHz yana cin megabait 8.64 a minti, layi 14 kuwa wajen megabait 120 a minti, fiye da gigabait 7 a awa. A 96 sai a ninka. Ni dai ina da yaƙinin cewa matsar da mayik ɗin sineya da faɗin yatsa biyu ya fi sauya sauti a kunne fiye da wannan ninkin. Aka tsaya a 48 kHz da bit 24. Bit 24 ɗin ba abin sasantawa ba ne, domin shi ke ba da damar a bar sarari mai yawa a sama, a saita ƙarfin shiga yadda bugu mafi ƙarfi zai tsaya wajen -12 ko -10 a ma'aunin ƙarfin sauti, ba tare da tsoron ɗan shuuu ɗin da na'ura ke yi a ƙasan sauti ba. Mai ganguna kullum yakan buga da ƙarfi a ɗauka ta gaske fiye da lokacin gwaji.

Ranar gwaji

An shirya gwaji kwana guda kafin ainihin aikin, da mai ganguna kaɗai. Da farko mai situdiyon ya so ya sa mayik biyu na sama a saund kad, saboda yana ganin firiyam ɗinsa sun fi na akwatin, sauran gangunan kuma a akwati. Na hana. Kowace na'ura tana da ɗan lokacin da take ɗauka wajen juya sauti zuwa lambobi, kuma na akwatin ba lallai ya zo daidai da na saund kad ba. Bambancin ƙanƙani ne, 'yan samfura, amma mayik bakwai da ke sauraron sineya ɗaya suna buƙatar su iso tare, in ba haka ba sautin ya sirance. Don haka duk gangunan da mayik ɗin ɗaki suka tafi akwati, suka cika takwas ɗinsa. Murya, jita, bes, fiyano da mayik ɗin magana suka zauna a saund kad.

Wutar 48V ma sai da aka tsara ta. Mayik na kondensa, irin na sama da na ɗaki, ba sa aiki sai da ita. A na'urori da yawa maɓalli ɗaya ke kunna wa kafa huɗu ko takwas gaba ɗaya. Mayik na dainamik da aka haɗa da lafiyayyar waya ba ya cutuwa da ita, amma tsohon mayik na ribon na iya lalacewa, don haka duk mai irinsa ya duba wannan kafin ya saya. Mawaƙiyar za ta yi amfani da Shure SM7B, wanda ya dace da ɗaki mai ganguna saboda ba ya kwaso na nesa sosai, sai dai yana neman ƙarin ƙarfi wajen dB 60. An gwada shi a firiyam ɗin saund kad, maɓallin ya kusa kaiwa ƙarshe, amma da yake tana waƙa da ƙarfi kuma bakinta na kusa da mayik, ya wadatar.

Da aka saurari ɗaukar farko, sai aka ji wani ɗan ƙas-ƙas yana faɗowa jefi-jefi a layukan ganguna kawai. Mai situdiyon ya zargi wayar hasken. Ba ita ba ce. Na'urorin biyu kowace an bar ta a kan agogonta na ciki, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya. Duk lokacin da agogon ɗaya ya ɗan tsere wa ɗayan, samfuri ya faɗi, kunne ya ji ƙas. Da yake waya ɗaya ce ta taso daga akwati zuwa saund kad, kuma ADAT na ɗauke da bugun agogo a cikin siginarta, sai aka bar akwatin a matsayin jagora a 48 kHz, aka umarci saund kad ya bi agogon da ke shigowa ta ADAT. Ƙarar ta ɗauke. Illar wannan tsari ita ce ranar da ba a kunna akwatin ba, sai an mayar da saund kad kan agogonsa. Daga baya ya ƙara waya ta biyu daga saund kad zuwa akwati, ya mai da saund kad jagora na dindindin.

Aikin ya gudana a layi 14 ba tare da kwamfuta ta yi tuntuɓe ba. Abin da na'urar ba ta magance ba shi ne farantan ganguna da suka riƙa kutsowa cikin mayik ɗin mawaƙiya, duk da an juya mata baya ga gangunan an kuma kafa shinge a tsakani. A waƙoƙi masu sanyi an bar muryar da ta yi tare da ƙungiyar, domin ta fi rai. A masu zafi sai ta sake ɗora murya ita kaɗai a kan kiɗan. Kafa biyu suka rage babu kowa a kansu. Ƙungiyar ta fara maganar kawo masu busa uku a aiki na gaba, kuma saund kad ɗin kafar shigar ADAT ɗaya gare shi, ba wurin akwati na biyu. In hakan ta tabbata, ko dai masu busan su taru a kan mayik biyu, ko a cire mayik ɗin ɗaki a ba su gurbinsa.